Yadda ake neman gidan haya a Abuja mai wuta da ruwa cikin kuɗi, kuma kusa da mota

Wanda aiki ko hidimar ƙasa ta kawo Abuja, tambayarsa ta farko ba ta wuce "nawa ne haya a unguwa kaza?" Dillali ya faɗa masa adadi, shi kuma ya auna da albashinsa, ya ce ya yi ko bai yi ba. Daga nan ake fara tafka asara. Kuɗin da ke jikin talla wani yanki ne kawai na abin da gidan zai ci maka a shekara. Sauran suna cikin katin wuta, man janareta, kurar mai ruwa, da kuɗin motar da za ka riƙa biya safe da yamma har wata goma sha biyu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma ƙara kuɗin wuta a wasu layuka a watan Afrilun 2024, waɗannan ƙananan kuɗaɗe suka daina zama ƙanana. Shi ya sa mutane da yawa yanzu suke neman gidan da aka haɗa wuta da ruwa da gadi da kwasar shara a kuɗi ɗaya, wanda kuma mutum zai fito ya taka da ƙafa ya samu mota.

Akwai irin wannan gida a Abuja. Sai dai "komai a ciki yake, Alhaji" magana ce ta fatar baki, kuma kowane dillali ya iya ta. Abin da za ka samu bayan ka tare shi ne abin da ka gani da idonka kafin ka biya, da abin da aka rubuta aka sa hannu.

Fara da hanya, gida ya biyo baya

Kafin ka kira dillali ko ɗaya, ka san ainihin inda za ka riƙa zuwa kowace safiya, da ƙarfe nawa ake son ka isa. Abuja gari ne da yawancin ma'aikatansa ba sa kwana a cikinsa. Da safe jama'a na kwararowa ta manyan hanyoyi uku, da yamma su koma ta nan.

Hanyar Keffi ita ke ɗauko mutanen Masaka, Mararaba, Nyanya, Karu da Jikwoyi, ta bi ta Kugbo ta zube su a mahaɗar AYA kusa da Asokoro. Nan ne gidaje suka fi sauƙi, mota ba ta yankewa, amma nan ne kuma cunkoso ya fi suna. Wanda bai bar Mararaba da sassafe ba ya san abin da ke jiransa. Hanyar Kubwa tana tasowa daga Zuba, ta ratsa Dei-Dei, Kubwa, Dutse, Dawaki da Gwarinpa. Titi ne mai faɗi, mota na gudu a kai, kuma ya fi dacewa da mai aiki a Maitama, Wuse, Jabi ko Utako. Ta uku ita ce hanyar filin jirgin sama, mai ɗauko mutanen Gwagwalada da Lugbe ta shigo da su ta ƙofar gari, kusa da Area 1 da tsakiyar birni inda sakatariyar tarayya take. Akwai kuma yankin Apo, Gudu, Lokogoma da Galadimawa, wanda ke kusa da Garki a taswira, amma fita daga wasu rukunan gidajensa zuwa babban titi wani aiki ne daban.

Ka zaɓi hanyar da za ta sauke ka kusa da wurin aikinka da mota ɗaya. Wannan ya fi muhimmanci a kan yawan kilomita. Gidan da ke Kubwa kusa da titi, mota ɗaya zuwa Berger, ya fi gidan da ke kusa da gari wanda sai ka hau acaɓa, ka hau adaidaita sahu, sannan ka shiga tasi. Kowane canjin mota kuɗi ne, jira ne, kuma da damina jiƙewa ce. Ka tuna tun 2006 aka hana 'yan acaɓa aiki a tsakiyar birni, adaidaita sahu ma ba ko'ina aka yarje musu ba. A cikin gari abin hawan talaka shi ne tasin haɗaka da ke ɗibar mutane a bakin hanya, sai manyan bas da ake ce wa El-Rufai idan an dace da su.

Abu ɗaya da baƙo ba ya lura da shi: wane ɓangaren titi gidan yake? A hanyar Kubwa da ta filin jirgi, tsallaka titi da ƙafa wasa ne da rai. Idan gidan yana hannun da motoci ke fita daga gari, kowace safiya sai ka tsallaka kafin ka samu mai shiga gari. In yana ɗaya hannun, da yamma ne za ka tsallaka. Ko ta yaya dai sai ka haye sau ɗaya a rana, don haka ka duba nisan gidan da gadar masu tafiya a ƙafa, ba nisansa da kwalta kawai ba. Dillali zai ce maka "minti biyar ne zuwa titi". Ka taka da ƙafarka, agogo a hannu.

Sai maganar jirgin ƙasa, tun da dillalai sun fara saka shi cikin abin yabon gida. An ƙaddamar da jirgin cikin gari a watan Yulin 2018, ya tsaya a 2020 lokacin korona, aka dawo da shi a ƙarshen watan Mayun 2024. Layi ɗaya yana tashi daga tashar Metro a tsakiyar birni, ya bi ta filin wasa, Kukwaba, Wupa da Idu ya tafi filin jirgin sama. Ɗayan yana tashi daga Idu ya bi ta Gwagwa, Dei-Dei da Kagini ya tsaya a Gbazango ta ɓangaren Kubwa. Jirgin yana da daɗi, ba cunkoso, amma ba ya tashi kowane minti goma, kuma ba kowace tasha ce ke tsakiyar gidajen mutane ba. Kafin ka ɗora hayar shekara a kansa, je tashar ka karanta jadawalin da ke manne a lokacin, ka hau shi sau ɗaya a ranar aiki, ka ga ƙarfe nawa zai kai ka bakin ofis. In ya dace da lokacinka, alhamdulillahi. In bai dace ba, ka ɗauke shi a matsayin ƙari, motar titi ce dai abin dogaronka. Mai iyali a Kaduna kuwa yana da wani dalilin son Kubwa ko kusa da Idu, domin a nan ake hawa jirgin da ke zuwa Rigasa.

Lissafin shekara guda a takarda ɗaya

Da ka tsayar da hanya, sai ka zauna da biro. Lissafi biyu za ka yi. Na farko kuɗin shiga: hayar shekara ɗaya gaba ɗaya (a sababbin gidaje wasu masu gida har shekara biyu suke nema), la'adar dillali wadda galibi kashi 10 cikin 100 ce, kuɗin lauya wanda shi ma yakan kai haka, kuɗin ajiya da ake riƙewa saboda ɓarna, sai kuɗin sabis, wato na hidimomin gida irin su gadi da kwasar shara, idan gidan na da shi. Haɗa su duka kafin ka ce kana da kuɗin gida, domin mutane da yawa sun tara haya cif-cif, sai a ranar biya suka ji sauran.

Na biyu shi ne wanda ake tsallakewa: abin da zaman gidan zai ci daga tarewa zuwa ƙarshen shekara. Ga misali da alƙaluman da na ƙaga don kawai a ga yadda ake yi, kai sai ka saka naka. Gida na farko yana can cikin unguwa, haya naira 1,200,000. Mota 3,000 a rana, kwana 22 a wata, ya kama 792,000 a shekara. Katin wuta da fetur ɗin ƙaramin janareta 40,000 a wata, wato 480,000. Ruwa 15,000 a wata, wato 180,000. Jimilla 2,652,000. Gida na biyu yana kusa da titi, haya 1,900,000, sabis 500,000 wanda ya ƙunshi ruwa, gadi, shara da janareta da dare. Katin wuta 20,000 a wata, 240,000 ke nan. Mota 1,000 a rana, 264,000. Jimilla 2,904,000. A ranar biya bambancin ya yi kama da naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, amma a ƙarshen shekara 252,000 ne, wato 21,000 a wata. Da wannan kuɗin ka sayi barcin asuba da dawowa gida kafin isha'i. Wani lokaci lissafin yakan nuna gidan nesa ne ya fi, musamman ga mai iyali da yawa ko wanda ba kullum yake zuwa ofis ba. Ba laifi. A dai yi lissafin.

Me aka haɗa, me aka bari

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa, domin nan ake cin amanar ɗan haya ba tare da an yi masa ƙarya ƙiri-ƙiri ba.

Gidajen da ake cewa suna da sabis ba iri ɗaya ba ne. A wasu, kuɗin sabis ya tsaya kan mai gadi, kwasar shara, share harabar gida, fitilun waje da tura ruwa sama. Wutar ɗakinka kai da mitarka. A wasu an ƙara janareta na wasu sa'o'i, yawanci daga magariba zuwa asuba. A wasu kuma ana ba da wuta dare da rana, amma ta mitar cikin gida wadda masu kula da rukunin ke sayar da yunit ɗinta a farashin da suka yanka, suna haɗa wutar Nepa da kuɗin dizal. Wannan na ƙarshe shi ya fi yaudarar baƙo: wuta ba ta ɗaukewa, gaskiya ne, amma ba a cikin kuɗin da ka biya take ba. Akwai ma inda ake karɓar kuɗin sabis daban, ajiyar dizal daban, in ajiyar ta ƙare a tsakiyar shekara a sake turo takarda. Inda aka fi samun wuta da ruwa a cikin haya da gaske shi ne boskwata, wato ƙananan ɗakunan da ke bayan babban gida, a gidan da mai shi ke zaune a ciki, da ƙananan ɗakuna masu kayan ɗaki da ake biya wata-wata. Boskwata tana da sauƙi ta wannan fuska, amma tana zuwa da sharuɗɗa: ƙarfe nawa ake rufe ƙofa, baƙi nawa za su zo maka, ko za a yarda ka kunna hita.

Saboda haka kada ka tambayi "akwai wuta?" Kowa zai ce akwai. Tambayi a wane rukuni layin yake. Hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta kasa layuka gida biyar: rukunin A ana sa ran aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A watan Afrilun 2024 aka kai yunit ɗin rukunin A naira 225, daga baya aka ɗan sassauta ya dawo wajen 209. A wannan farashi, idan aka ɗora harajin kashi 7.5, naira 10,000 ba za ta ba ka yunit 45 cikakku ba, alhali esi ɗaya yana iya shan yunit guda ko fiye a awa ɗaya. Ka lissafa darare talatin da ɗaya na watan Maris, lokacin da Abuja ke tafasa. Hanya mafi sauƙi ta gane gaskiya ita ce ka roƙi a nuna maka rasit ɗin katin da aka saya kwanan nan, ka raba kuɗin da yawan yunit. Lambar ba ta iya daɗin baki.

Tambayi kuma ko mitar taka ce kai kaɗai. Mita ɗaya ga gida shida tushen rigima ce: wane yana da firiza, wance tana girki da wuta, a ƙarshen wata a raba daidai. Gidan da ba mita, ana kawo takardar ƙiyasi, ka yi tunani sau biyu. In akwai mita mai kati, ɗauki lambarta ka bincika a ofishin AEDC, kamfanin rarraba wutar Abuja, ko akwai tsohon bashi a kanta, domin idan akwai, duk lokacin da ka sayi kati za ka ga an zaftare wani abu.

Idan janareta ne abin alfaharin gidan, ga abin da kake son ji da lamba: ƙarfe nawa ake kunnawa, ƙarfe nawa ake kashewa, ana kunnawa da rana ranar Asabar da Lahadi, yana ɗaukar esi ko fanka da fitila kawai, kuma inji ɗaya ne ko akwai na ko-ta-kwana. Idan sola ce, nemi a nuna maka inbatar da baturan. Tambayi ƙarfinta da yawan ɗakunan da ke kanta, da ko an yarda a jona firji da dutsen guga. Solar da ke haskaka fitila da cajin waya ita ma sola ce a bakin dillali.

Ruwa ya fi sauƙin bincike. Ko dai na hukumar ruwa ne, wanda ke zuwa daga madatsar Usuma, ko rijiyar burtsatse, ko tanka, ko mai ruwa. Tsofaffin unguwanni irin su Garki, Wuse, Maitama da Asokoro sun fi samun na hukuma. Yawancin sababbin rukunan gidaje da unguwannin bayan gari burtsatse suka dogara da ita, ita kuma burtsatse sai da wuta. Don haka tambayar ita ce: in aka kwana uku ba wuta, wa ke sayen man da za a tura ruwa sama? In injin ya ƙone, daga kuɗin sabis za a gyara ko karo-karo za a yi? Kuma rijiyar tana kaiwa ƙarshen rani, ko tana ƙafewa a watan Maris?

Dillali

Shafukan intanet irin su PropertyPro, Nigeria Property Centre da Jiji suna da amfani wajen sanin yadda farashi ke tafiya a unguwa. Kada ka wuce nan da su. Hoton da ka gani mai yiwuwa an daɗe da ba da gidan, an bar shi ne don waya ta yi ƙara. Gidajen kirki masu sauƙi sau da yawa ba sa kaiwa intanet. Abokin aiki ne zai ce maƙwabcinsa zai tashi, ko a ji a masallaci, ko mai gadin layi ya faɗa. Ka baza maganarka a waɗannan wurare tun wata biyu kafin lokacin da kake son tarewa.

Dillalai da yawa suna karɓar kuɗin zuwa gani. Kafin ka bayar, a turo maka bidiyon gidan na ranar, a faɗa maka layin da yake, a kuma rubuto maka duk kuɗaɗen dalla-dalla. Tambaye shi kai tsaye: kai ne ke riƙe da gidan, ko akwai wani a gabanka? Akan samu dillali uku a jere kan gida ɗaya, kowa na jiran rabonsa. Ka kuma faɗi gaskiyar halinka tun farko, ko kai gwauro ne, ko kana da mata da yara nawa, ko ke mace ce mai zaman kanta saboda aiki, domin wasu masu gida suna da zaɓi a kan wannan, gara ka ji tun kafin ka ɓata kuɗin mota. Duk wanda ya ce "wani na nan tafe da kuɗinsa, ka tura rabi yanzu a riƙe maka" alhali ba ka ga mai gida ba, ka bar wa wancan ɗin.

Gani ya kori ji

Je gidan sau biyu aƙalla, kuma na biyun ba tare da dillali ba.

Zuwan farko na cikin gida ne. Buɗe kowane famfo, har na banɗaki, ka bar shi ya zuba ka ga ƙarfinsa da launinsa. Ja ruwan masai. Tafi da cajar waya ka gwada kowane soket. Ɗaga kai ka dubi silin, tabo mai ruwan ƙasa-ƙasa alamar yoyo ce. Duba gindin bango daga waje: idan fenti ya kumbura ko akwai layin laka da ya tsaya a wani tsayi, ruwa ya taɓa kwana a nan. Damina a Abuja tana kamawa daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, kuma sassan Lokogoma da Lugbe sun sha ambaliya, don haka wanda ya ga gida a watan Janairu rabin labari ya gani. Tsaya a tsakiyar ɗaki ka kira wani a waya, ka buɗe data, ka ga ko layinka na kamawa. Dubi inda janaretan gidan yake. In yana bayan tagar ɗakin kwananka, ka san abin da ka saya. A unguwannin asali da ke cikin gari, irin su ƙauyen Garki, Durumi, Mabushi ko Jabi Ɗaki Biyu, ana samun ɗakuna masu sauƙi kusa da komai, amma ka lura da jan fentin hukumar kula da gine-gine a bangon gidan ko na maƙwabta. Alamar rusau ce, kuma ba mai mayar maka da haya in katafila ta zo.

Zuwa na biyu ka yi shi bayan magariba a ranar aiki, ta motar haya, daga bakin ofishinka. Da haka za ka san ainihin kuɗin mota da lokacin da take ci, ka ga ko hanyar da za ka taka daga titi tana da haske da mutane, ka kuma ji da kunnenka ko inji na aiki. A nan Bahaushe yake da wata dama da ba kowa ke da ita ba: a unguwanni da yawa na Abuja, mai gadi, mai shayi, mai ruwa da mai kanti a bakin layi da Hausa za ka yi magana da su. Zauna a bencin mai shayi, a haɗa maka kofi ɗaya, a gaisa sosai. Sannan ka matsa wurin mai gadi.

"Baba, sannu da aiki. Ina son kama ɗaki a nan ne. Don Allah injin nan ƙarfe nawa ake kashe shi?"

"Wallahi ɗana, in akwai mai, sha biyun dare. In babu, sai haƙuri."

Wannan amsa ta fi duk abin da ke jikin talla. Tambaye shi me ya sa wanda ke ɗakin ya tashi, da ko ana biyansa albashinsa a kan lokaci, domin gidan da ake riƙe wa mai gadi albashi ba a sayen dizal a kan kari. In ka ga kurar masu ruwa biyu ko uku a jere a ƙofar gidan da aka ce ruwa ba ya yankewa, ba ka buƙatar tambayar kowa.

Ka lura kuma da inda ake hawa mota. Matsalar 'yan "wan cans", masu ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi, sananniya ce a Abuja, kuma an fi faɗawa hannunsu a inda mutum ke tsayawa shi kaɗai a bakin titi da duhu. Gidan da ke kusa da tasha ta sosai, mai 'yan kamasho da motocin da aka sani, ya cancanci ɗan ƙari a kan haya.

Takarda, sannan kuɗi

Nemi a ba ka yarjejeniyar ka karanta kafin ka biya, ba bayan ka biya ba. Kuɗin lauyan da ake karɓa a hannunka na lauyan mai gida ne, shi yake wa aiki. In kana da wanda ya san doka, ka ba shi ya duba maka.

Duk abin da aka yi maka alkawari da baki ya shiga takarda da lamba. Kada a rubuta "za a samar da wuta". A rubuta daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza. A jera abin da kuɗin sabis ya ƙunsa ɗaya bayan ɗaya, har da kuɗin shara na hukumar muhalli da kwashe masai in ya cika. A faɗi ko za a iya ƙara kuɗin sabis a tsakiyar shekara idan dizal ya tashi, da irin sanarwar da za a ba ka, da ko 'yan haya suna da ikon ganin yadda aka kashe kuɗin. A faɗi wa ke gyara rufi, injin ruwa da janareta, wa ke gyara famfo da makulli. Kuɗin ajiya a rubuta adadinsa da kwana nawa bayan tashinka za a mayar maka. Idan akwai gyaran da mai gida ya ce zai yi kafin ka shiga, a rubuta shi, kuma hayar ta fara ƙirgawa daga ranar da aka miƙa maka makulli, ba ranar da kuɗinka ya shiga asusu ba.

Dubi sashen notis da kyau. Dokar da ke aiki a Abuja ta ba ɗan hayar shekara-shekara notis na wata shida, na wata-wata kuma wata ɗaya, sannan a biyo da na kwana bakwai kafin a je kotu. Amma wannan yana aiki ne idan ba ku rubuta wani abu daban ba. Yawancin yarjejeniyoyi ana rubuta su ne a matsayin wa'adin shekara ɗaya tak, wanda in ya cika ba dole ba ne a ba ka notis na wata shida. Ka nemi a saka cewa za a sanar da kai ƙarin haya ko niyyar karɓar gida aƙalla wata uku kafin wa'adi. Ka kuma sani Mararaba da Masaka a jihar Nasarawa suke, Suleja a jihar Neja, don haka dokokin can ne da kotunan can za su yi aiki a kanka.

Wajen biya, ka ga mai gida ido da ido, ko kamfanin da ya ba wa amanar gidan tare da takardar da ke nuna haka. Tura kuɗi ta banki zuwa asusun da sunansa ya dace da wanda ke cikin yarjejeniya, ka rubuta dalilin biyan a jikin turawar. Kada ka ba da tsabar kuɗi, kada ka tura haya asusun dillali. La'adarsa kawai za ka ba shi, ita ma da rasit. A raba rasit ɗin haya da na sabis da na ajiya. Na haya yana da wani amfanin: dokar haraji ta 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta yarda a cire kashi 20 cikin 100 na hayar da mutum ya biya a shekara, iyaka naira 500,000, daga kuɗin da ake lissafa masa haraji a kai. Sai da shaidar biya ake samun wannan rangwame, don haka ka kai kwafi ofishin albashinku.

Ranar da aka ba ka makulli, kafin a sauke ko katifa, zagaya gidan da waya kana ɗaukar bidiyo: tayil ɗin da ya tsage, tagar da ba ta rufuwa, tabon bango, da fuskar mita tana nuna yunit ɗin da ka tarar. Tura wa mai gida ko wakilinsa ta WhatsApp a ranar, domin kwanan watan ya zauna a rubuce. Da shi za ka karɓi kuɗin ajiyarka in lokacin tashi ya yi. Canza makullan ƙofar waje, ka sa a saka ka a zauren WhatsApp na 'yan hayar gidan, ka karɓi lambar mai gadi da ta mai kula da inji. A watan farko ka riƙa rubuta lokacin da ake kunna janareta da lokacin da ake kashewa. In ya saɓa da abin da ke cikin takarda, ka rubuta wa mai kula da gidan tun a makon, ka haɗa da maƙwabta biyu ko uku su sa hannu tare da kai.